Bond Ko Tiger? Musayar Waƙa Kan Finafinan Leƙen Asiri

Ɗan Fagge:

Salamu alaikum jama'a. Yau ni na buɗe fage, amsa-amona “ri”. Masoya Indiya, wanda ya isa ya fito da nasa.

Da sunan Allah na fara waƙa,
Ya ba ni basira da kyan tsari.

Batun finafinai nake so mu taɓa,
Na masu farauta da leƙen asiri.

Idan ana zancen gwanin fagen nan,
James Bond ake kira tun da fari.

Ian Fleming ya ƙago shi a takarda,
A 1953 ya saki labari.

Bayan shekara tara ya hau allon sinima,
Sean Connery ne ya fara kai hari.

Fim 25 kamfani ɗaya ya yi,
Jarumai shida suka bi jeri.

Kwat a goge, takalmi na ƙyalli,
Ko a bakin mutuwa ba ya sauri.

Motarsa Aston Martin mai aman wuta,
Agogon hannu ma makami ne na sirri.

Ba ya tsayawa rawa a kan dutse,
Alhali bam na shirin tashi a gari.

Sai ga Tom Cruise ɗan ƙundumbala,
Burj Khalifa ya hau, ya rena hatsari.

Ya maƙale jikin jirgi yana tashi,
Da kansa ya yi, ba tsafi ba sihiri.

Ya karya idon sawu garin tsallake gini,
Ya miƙe da ɗingishi ya ƙarasa shiri.

To masu Indiya ku zo ku faɗa min,
Wa za ku tsayar ya kara a sarari?

Baba Na-Plaza:

Wa alaikumus salam ɗana. Waƙa ta yi daɗi, sai dai da ƙuruciya a cikinta. Matso.

Ɗana ka zo kusa ka saurara,
Kafin a haife ka muka fara,
Layin tikiti da turereniya da ƙara,
A Plaza da Rex don kallon Indiya.

Kwarori 'yan Lebanon suka kawo,
Na Amurka da Masar duk sun jawo,
Sai na Indiya ya hana su yawo,
Shi ya zauna daram a zuciya.

Ba mu jin yarensu ko kalma,
Ba fassara, ba wata alama,
Amma uwa in ta yi kuka, mu ma
Sai mu share ido a ɓoye don kunya.

Mother India, 1957,
Ta nuna mana uwa ta ƙwarai akwai,
Ta harbe ɗanta da hannunta, ba wai,
Don ya taɓa mutuncin wata yarinya.

Ka ce ba mu da ɗan leƙen asiri,
Jeetendra ya yi Farz tun da wuri,
Dharmendra Sarkin Ƙarfi ya yi ƙari,
Da Ankhen, a shekarar da ta biyo baya.

Mithun ma ya ɗau bindiga ya gwada,
Ya taka rawa babu tangarɗa,
Ya iya soyayya kuma ya iya faɗa,
Naka Bond ɗin abu ɗaya ya iya.

Ba shi da uwar da zai je ya gaida,
Ba ƙanwar da zai aurar a shaida,
Kowane fim mace zai ɗauka ya yada,
Kofin giya a hannu, ina tarbiyya?

Shi kansa da ya rasa armashi,
Udaipur ta Indiya ya nufa neman ƙamshi,
Roger Moore, 1983, ga shi
A cikin adaidaita yana gudu a hanya.

Don kada ka ce tsoho na ƙirƙira: Farz 1967 ne, Ankhen 1968, na Mithun kuwa Suraksha ne na 1979. Na adaidaitar nan Octopussy ne, har Kabir Bedi na ciki da rawaninsa. Je ka bincika.

Mai Tura Fim:

Baba a gafarce ni, na shigo tsakanin manya. Ni a shago nake wuni, abin da mutane ke cewa a tura musu a waya shi nake gani.

Baba ka yi gaskiya, sai dai ka tsaya a jiya,
Mu 'yan yau ka bar mu mu bayyana.

Yaya Ɗan Fagge kana kiran Landan da Amurka,
Mumbai ta farka, ta daina kwana.

2012 Salman Khan ya zama Tiger,
Ya je aiki ya faɗa tarkon ƙauna.

Shi na Indiya, ita ta Pakistan,
Hukumomin leƙen asiri RAW da ISI, shi da Katrina.

Suka ajiye aikin suka gudu tare,
Ƙasashe biyu na neman inda suka zauna.

Hrithik da Tiger Shroff suka zo da War,
Malami da ɗalibi, kowa ƙarfi ya nuna.

Shah Rukh ya yi shekara huɗu shiru,
Aka ce ya ƙare, saura suna.

Janairun 2023 Pathaan ya sauka,
Rupi biliyan 10 ya haura, ku auna.

Kuma fassara ta zo, Baba, Algaita ta buɗe baki,
Salman na Hausa har da karin magana.

Bos na cika baki da Hausar 'yan daba,
Mai shayi na kallo a waya yana murna.

Tsohuwa a ɗaki ta gane labari sarai,
Ba ta jiran jika ya warware mata ma'ana.

'Yar Damagaram:

Sannunku da fama, maza. Tun ɗazu nake bi, ban ga wanda ya taɓo leƙen asirin kansa ba.

Maza kun taru kuna yabon harbi,
Wanda ya fi tsalle shi ne zaɓi,
Leƙen asirin fa? Ya shiga mantuwa.

Ɗan leƙen asiri in ya cika gwani,
Maƙwabcinsa ma bai san shi ba, ku sani,
Ba ya faɗin sunansa gaban kowa.

Naka Bond, ƙanena, ko'ina ya shiga,
Sai ya faɗi suna kafin ya zaro bindiga,
Wane ɓuya ne wannan mai sanarwa?

Kai kuma mai shago, naka Shah Rukh Khan,
Jirage na faɗuwa nan da can,
Ya karkaɗe riga ya shiga rawa.

Ku nemi Raazi, 2018,
Meghna Gulzar ta shirya shi, tabbas,
Alia Bhatt ta fito 'yar budurwa.

'Yar Kashmir ce, ubanta na jinya,
Ya kai ta Pakistan a matsayin amarya,
Gidan hafsan soja, asiri take kwasowa.

Ana dab da yaƙin 1971,
A falo suruka ce mai biyayya,
A banɗaki take buga saƙo tana aikawa.

Ga mijin mutum ne mai haƙuri,
Ya riƙe ta da mutunci babu sharri,
Ta so shi, kuma gidansu take rusawa.

Tsohon baran gida ya gano ta da dare,
Ta bi shi da mota ta banke, ta tsere,
Ta dawo tana kuka, jiki na karkarwa.

Saƙonta ya isa, ƙasarta ta amfana,
Ta koma gida da ciki, ba murna,
Miji ya mutu, me ya rage na rayuwa?

Duk fashe-fashen Pathaan bai sa gabana ya faɗi ba ko sau ɗaya, don na san ba abin da zai same shi. Amma yarinyar nan in ta ji takun ƙafa a bakin ƙofa, ni ma sai in riƙe numfashi.

Ɗan Fagge:

Baba na ji faɗa, na rusuna,
Amma a ba ni dama in gyara labari.

Ka ce Bond bai san ƙauna ba,
A 1969 ya yi aure na alheri.

Ranar bikin aka harbe amarya,
Ya rungume gawa a mota babu kuzari.

2006 ya rubuta takardar ajiye aiki,
Saboda masoyiyarsa Vesper, ashe tana ɗauke da sirri.

Mun taso muna cewa akta ba ya mutuwa,
2021 Daniel Craig ya karya kirari.

Ya tsaya makamai suka sauka a kansa,
Don 'yarsa da uwarta su tsira daga sharri.

To a gaya min ranar da Tiger zai mutu,
Wane kamfani zai yarda ya binne jari?

Yaya ta Damagaram, Allah ya ƙara basira,
Batun faɗin suna kin yi nazari.

Amma ga Bourne na Matt Damon, 2002,
An tsamo shi a teku, bai san suna ba bare gari.

Da biro ya yi faɗa a wani ɗaki a Faris,
Ba kwat, ba agogo mai sihiri.

In shiru da ɓuya kike nema ga shi,
Ba sai kin je Kashmir neman ƙari.

Malam Na-Zariya:

Na ga an yi nisa. Ni ba gwanin waƙa ba ne, amma akwai abin da ke damuna a duka ɓangarorin biyu.

Kun auna jarumai, kun auna tsalle,
Amma bos ɗin fa, ba ku duba ba.

Fim ɗin leƙen asiri tallar ƙasa ne,
Tutarsu suke ɗagawa, su ke cin riba.

Zamanin yaƙin cacar baka, inuwar Rasha
Ba ta cika barin labarin Bond ba.

A na 1973 miyagun baƙar fata ne,
Da bokaye da macizai, ko ba ku tuna ba?

A na 2006 ya bi mutum ofishin jakadanci,
Na wata ƙasar Afirka da ba a taɓa yi ba.

Ya harbe shi, ya tarwatsa wurin, ya fice,
Mu kuma muka tafa, ba mu ji ciwo ba.

Indiya kuwa maƙwabciya take nunawa,
Tun rabuwar 1947 ba su shirya ba.

Sau da yawa mugun ga gemu ga kwalli,
Ga carbi a hannu, sai ka ce ba mu gane ba.

A fassara mana shi da harshen iyayenmu,
Mu biya mu kalla, ba mu tambaya ba.

Mai Tura Fim:

Malam, Allah ya gafarta, a yi adalci.

Bos ɗin Pathaan ba mai gemu ba ne,
Tsohon ma'aikacin RAW ne, Jim ne suna.

Ƙasarsa ta ƙi biyan fansar iyalinsa,
Shi ya sa ya juya mata baya da tsana.

Deepika ta ISI ce, ta tsaya wa akta,
Haka Zoya ta Tiger, wato Katrina, in an tuna.

Shah Rukh da Salman duk Musulmi ne,
Su ke ɗauke da tutar, kowa na ganin zahiri da rana.

Malam Na-Zariya:

Na ji, ɗana. To wa ya ɗauki Jim ɗin haya tun farkon fim? Janar ɗin Pakistan. Sake kallo.

Baba Na-Plaza:

Malam ya yi nasa. Ni kukana daban ne.

Jikana mai shago na ji bayani,
Yawan kuɗin Pathaan bai ruɗe ni,
Abin tambaya shi ne me ido ya gani,
Na kunna shi, jikoki na zaune a baya.

Waƙa ta zo, tufafi suka ƙare,
Yara sun zuba ido a jere,
Na kashe, na ce NEPA ce, na tsere,
Da can sari ne, ana rawa da kunya.

Indiya ta ga Bond ta yi sha'awa,
Ta ari kwat, ta yar da abin jan Hausawa,
Uwa, da auren dole, da 'yan'uwa masu rabuwa,
Wanda 'yan fim na Kano suka ɗauka gaba ɗaya.

In harbi ne, Amurka ta fi su kuɗi,
In tsalle ne, na Tom Cruise ya fi daɗi,
Ɗan Fagge, a nan kam gaskiya ka faɗi,
Mai kwaikwayo ba ya wuce mai shi a tafiya.

'Yar Damagaram:

Baba, da girmanka, ba zan bari wannan ya wuce ba.

Baba ka ce da can sari ne da kunya,
To ruwan saman da ke sauka kan yarinya,
Sari ya jiƙe sharkaf, shi kake mantawa?

Kuna Plaza ba wanda ya rufe ido,
Ba wanda ya ce NEPA, ya koma kan gado,
Fito kuke, kuna neman a sake maimaitawa.

Baba Na-Plaza:

'Yar nan, ba a tone-tone gaban yara. Duhu ne a sinima, kuma ba da jikoki muke zuwa ba.

Ɗan Fagge:

Baba ya sallama min harbi da tsalle,
A rubuta, kar gobe a canja labari.

Yaya, Raazi ɗin nan akwai shi da fassara?
In babu, Indiyancina bai kai kalma ɗari.

Mai Tura Fim:

Yaya Ɗan Fagge ka biyo ta shago bayan la'asar,
Ka zo da memori mai sarari mu gana.

Baba kai ma a aiko da waya,
In duba maka Dharmendra a cikin kayana.

Malam kuwa Pathaan zan tura masa kyauta,
Ya nemo min janar ɗin, mu ci gaba da magana.