Wace kalma za mu ba na'urar busar da albasa da taimakon rana?

Mai fassara: Assalamu alaikum, malamai. Ina fassara darasin da za a karanta a rediyo jibi, kuma na cije a kan abin da ake kira solar-assisted dryer. Rana ce take ɗumama iska a cikin akwati mai murfin gilashi, fanka ta tura iskar kan yankakkiyar albasa, idan dare ya yi ko hadari ya rufe rana sai gas ko lantarki ya karɓi aikin.

Malamin gona: Wa alaikumus salam. Ki ce "injin busarwa na sola", kowa zai gane.

Injiniya: Za a gane, amma a karkace, domin mai sauraro yana jin "sola" zai kawo faifan da ke ba da lantarki, alhali zafi ake tarawa a nan. Kusan kashi 88 cikin 100 na ɗanyar albasa ruwa ne, kuma ana son ya sauko zuwa wajen kashi 5, wato daga kilo 100 sai an fitar da ruwa kimanin kilo 87. Kowane kilo yana cin zafi kusan megajul 2.3 (ma'aunin makamashi ne) kafin ya zama tururi, jimilla wajen megajul 200, ban da zafin da ke zurarewa ta bango da iskar da ke fita. Lantarkin fanka kaɗan ne a kan wannan, saboda haka "zafin rana" ya kamata a ce, ba "hasken rana" ba.

Malamin Hausa: Sai yaushe za mu daina aro? Muna da "mashanya", idan kuma sunan kayan aiki ake so, awon mabuɗi da madubi ya ba mu "mabusari". Na daɗe ina koyar da ita.

Malamin gona: Allah ya gafarta malam, shanya bazawa ce a fili. Wannan na'ura kuwa an ƙera ta ne don a rabu da ƙurar shanya, a kuma tsayar da zafi tsakanin digiri 50 da 60, tunda idan ya zarce sosai albasar takan yi duhu, ƙamshinta ya ragu. "Mabusari" kuma a kunne tana kusa da mabushi, sai a zaci algaita ake nufi.

Malamin Hausa: Da aka fara cewa "jirgin sama" wa ya zaci kwalekwale? Ku 'yan boko kunyar harshenku kuke ji, kun fi son a ji kuna tauna Turanci.

Injiniya: Malam, "albasa" ita kanta daga Larabci muka aro ta, kuma ban ji wanda ya ce ta rage wa Hausa daraja ba.

Malamin Hausa: Aron da ya yi ɗaruruwan shekaru daban yake da na jiya.

Mai fassara: Malamai, a yi haƙuri, jibi ne fa. Zan fara da "na'urar busarwa mai aiki da zafin rana", in bayyana cewa gas ko lantarki yana cike giɓi, daga nan in riƙa cewa "na'urar". Abin da bai kwanta mini ba shi ne, sunan bai nuna cewa rana taimakawa kawai take yi ba.

Injiniya: "Mai tallafin zafin rana" ta fi kusa, sai dai tana da nauyi a baki.

Malamin Hausa: Ban gamsu ba, Malama, amma tunda an jefar da "sola" na yi shiru. Ki saka "mabusari" ko sau ɗaya ne, mu ji abin da masu sauraro za su ce.