Me ya sa layukan sababbin unguwanni ba sa ɓullewa?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin tsarin gari ku taimaka min. Garinmu ƙarami ne, amma sai faɗaɗa yake ta kowace kusurwa. A tsohon gari duk layin da ka shiga zai fitar da kai wani. A sabuwar unguwarmu kuwa, daga tagar ɗakina ina hango rufin makarantar 'yata, sai dai katanga ta toshe ƙarshen layin. Dole mu fita babban titi, mu zagaya, mu sake shigowa. Yarinyar da za ta iya zuwa da ƙafa kullum sai an ɗauke ta. Ko'ina haka ake, ko mu ne aka yi wa mugun yanka?

Safiyo:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba ku kaɗai ba ne. A 2020 wasu masu bincike biyu, Christopher Barrington-Leigh da Adam Millard-Ball, sun haɗa taswirar OpenStreetMap (taswirar intanet da jama'a ke zanawa) da hotunan tauraron ɗan'adam, suka bibiyi titunan da aka shimfiɗa a duniya tun 1975. Sun gano haɗuwar tituna da juna sai raguwa take, musamman a kudu maso gabashin Asiya, inda rukunin gidaje masu get suka yi yawa.

Dalilin a aikinmu nake ganinsa kullum. Mai fili yana yanka nasa ne shi kaɗai, bai duba inda layin maƙwabcinsa ya tsaya ba. A idonsa, duk layin da ya ɓulle fuloti guda ne ya yi asara. Sai unguwa guda ta koma zuba motocinta a mahaɗa ɗaya, safe da yamma. Ranar da gobara ta tashi, ita ma motar kashe gobara ta nan za ta bi.

Baban Yara:
Malam, ni fa layinmu rufaffe ne kuma ina son sa haka. Yara na wasa a ƙofar gida, ba mai wucewa da gudu, baƙuwar fuska kuma nan take ake gane ta.

Safiyo:
Gaskiyarka, ɗan'uwa, kuma ba sai an buɗe wa mota ba. Radburn, unguwar da aka kafa a Amurka a 1929, layukanta na mota rufaffu ne, amma an bar hanyoyin ƙafa da suka haɗa gidaje da makaranta. Da yawa daga cikin waɗanda suka kwaikwaye ta sai suka ɗauki rufewar, suka watsar da hanyar ƙafar.

Abin da ke damuna shi ne titi ba ya tashi. Bayan gobarar Landan ta 1666 an kawo tsare-tsaren sababbin tituna, amma a kan tsofaffin layukan aka sake gini. Muddin aka ɗora bulo, gyara sai da rusau da diyya.

Maman Ilham:
To Malam, akwai wani fuloti a gefen katangar da ba a gina ba tukuna. Idan mu maƙwabta muka nemi a bar ko ɗan lungu ne na masu ƙafa, wa za mu fara samu, mai filin ko hukumar tsara gari?