Biskit marar gulutin yana ta rugujewa, biki kuma ya matso

Assalamu alaikum. Likita ya tabbatar 'yata tana da cutar siliyak, wato jikinta ba ya jure gulutin, furotin ɗin da ke cikin alkama da sha'ir da hatsin rai, don haka an raba ta da su. Biki ya matso, ba na so ta zauna tana kallon 'yan'uwanta suna cin kayan zaƙi.

Na fara da na saye. Da yawa daga cikin cakulan masu ƙus-ƙus a ciki da malt, wato tsiron sha'ir, ake yin su, alawar likoris kuma da garin alkama. Wani cakulan da babu alkama a jerin kayan haɗinsa ya sa ta kumburin ciki da gudawa har washegari. A ƙasan takardar an rubuta cewa injin ɗaya ne da na biskit, wato ɓurɓushin alkama na iya shiga. Yanzu wanda aka rubuta masa "babu gulutin" kaɗai nake ɗauka, wato gulutin ɗinsa ƙasa da kashi 20 cikin miliyan, su kuma ba su da yawa.

Sai na koma yin biskit da kaina. Da garin shinkafa zalla, yana fitowa kamar yashi a baki, ana ɗaga shi daga faranti ya watse. Na ƙara sitacin masara da ƙwai, ya haɗe amma ya yi tauri, cikinsa kuma danƙo. Da garin almond sai ya baje, gefensa ya ƙone kafin tsakiya ta gasu.

Don Allah, wane haɗin gari ne, kuma da wane awo, ke ba da biskit mai laushi da ba ya rugujewa?