In shuka lukena saboda awakina, ko in fasa?

Mai Awaki: Salamu alaikum 'yan uwa. Awaki tara gare ni, rani na yi abinci sai ya gagara. An ba ni irin lukena, bishiyar nan mai farin fure dunƙule-dunƙule da ƙananan ganye. A gefen gona kawai zan jera ta. Wanda ya taɓa gwadawa, ganyen yana yi wa awaki illa?

Tsohon Manomi: Wa alaikumus salam. Ka fara jiƙa irin a ruwan zafi, ɓawonsa tauri gare shi. In ba haka ba ka yi ta jiran tsiro.

Uwar Biyu: Ni gawo na sani. Da damina ya kakkaɓe ganye, da rani ya yi kore shar, ga 'ya'ya dabbobi su ci.

Mai Doki: Ɗan'uwa, kada ka soma. Wani mai sayar da dashe ne ya cika ni da daɗin baki, na saya da tsada. Wata biyu ina ba dokina ganyen safe da yamma, gezarsa ta zube, wutsiya ta koma kamar sanda. Na fusata na sare su, suka sake tohowa. 'Ya'yan da suka zuba kuma suka cika mini gona, shekara huɗu ke nan ina tuge su.

Tsohon Manomi: Da tsada? Abin da ake tsinta kyauta a gindin bishiya! An dai yi maka wayo.

Mai Doki: Baba, dashe na ce, ba iri ba.

Ɗalibin Noma: Abin da ya taɓa dokin sunansa mimosin, guba ce a cikin ganyen, ta fi kama dabbar da ba ta tuƙa. Awaki da shanu suna jurewa in bai wuce kashi 30 cikin 100 na abincinsu ba. Asalin bishiyar Meziko da Amurka ta Tsakiya. A Ostireliya ma sai da aka ɗauko ƙwayoyin bakteriya da ke cikin tumbin awakin tsibirin Hawayi aka ɗura wa dabbobinsu, sannan suka iya cin ta da yawa.

Sarkin Zolaya: To Mai Awaki, sai ka nema wa awakinka biza.

Mai Doki: Yaro, ka taɓa ɗaure ko tunkiya? Littafi daban, turke daban.

Ɗalibin Noma: Ka yi haƙuri Yaya, amma doki ka ba, shi kuma akuya yake tambaya.

Uwar Biyu: Duk ku bar wannan. Wa zai tsare masa dashen? Bara guda 40 na dasa, awakin maƙwabci suka cinye su a yini ɗaya. Na yi magana, wai dabba ba ta san iyaka ba.

Tsohon Manomi: Hajiya, nawa har da shingen suka ture.

Mai Awaki: Jama'a, kashi 30 ɗin nan, da ɗanyen ganye ake aunawa ko busasshe?

Mai Doki: Hajiya, shi maƙwabcin ya biya ki kuwa?