Neman shawara: in sayi Galaxy S25 Ultra kafin azumi, ko in dakata?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawararku nake nema, kuma don Allah waɗanda suka san waya su faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba.

Ni tela ne a Kano, ɗinkin maza nake yi, kaftani da babbar riga. Shekara huɗu ke nan ina riƙe da waya ɗaya mai inci 6.1, batirinta ba ya kai la'asar, gilashin kuma ya tsage ta kusurwa. Rabin aikina yanzu a waya yake. Mutum zai turo hoton aikin wuya ta WhatsApp ya ce irin wannan yake so, sai in yi ta buɗa hoton da yatsu ina ƙura ido kafin in gane yadda zaren ya bi. In dare ya yi idona har ruwa yake kawowa.

Na ga Samsung sun saki S25 Ultra ranar 7 ga wannan wata na Fabrairun 2025, fuskarta inci 6.9, ga alƙalami a jikinta. Alƙalamin ne ya fi jan hankalina, don ina so in riƙa zana wa mutum fasalin wuya a gabansa, in rubuta awonsa a kan hoton yadinsa. Na kwashi adashi, in na haɗa da ɗan abin da na tara zai kai. Sai dai kuɗin da ma na ƙarin keke ne da zare, ga azumi saura mako biyu. Zuciyata ta rabu biyu. Me kuka gani?

Wani ɗan kasuwa:

Wa alaikumus salam. Malam, kuɗin keke na keke ne. Ɗinkin Sallah sau biyu yake zuwa a shekara, waya kuwa kullum tana nan a kasuwa. Ka sayi kekenka.

Mai gyaran waya a Farm Centre:

Ɗan'uwa, tunda tela ne kai, ɗauko tef ɗinka mu yi magana da shi. Incin waya daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, a karkace, ba faɗi ba ne. S24 Ultra ta bara inci 6.8 ce, ta bana 6.9. Bambancin bai kai ɗan ƙaramin layi ɗaya na tef ɗinka ba, wato kashi ɗaya cikin takwas na inci. In na ajiye maka su biyun a kan tebur, da siffar kusurwoyinsu za ka bambance su, don ta bana an ɗan zagaye mata gefe, amma ba da girman fuska ba.

Abin da nake so ka gane shi ne, girman fuska ba shi ne ke cin kuɗin ba. Lokacin da Galaxy Note ta farko ta fito a 2011 da inci 5.3, mutane cewa suke ta yi girma da yawa. Yau Galaxy A16 inci 6.7 ce, Tecno Camon 30 da Infinix Note 40 kusan 6.8, kuma kuɗin S25 Ultra ɗaya zai sayi irinsu da dama. A Amurka dala 1,299 aka sa mata, mai 256GB. Lissafa da dala a wajen naira 1,500, ka kusa miliyan biyu tun ba a sa kuɗin shigowa da ribar mai shago ba. Abin da kake biya shi ne injin cikinta, da kyamarori, da jikin titaniyum, da alƙalami, da alƙawarin sabunta manhaja na shekara bakwai. In matsalarka ido ce kawai, akwai magani mai sauƙi nesa da wannan.

Sai abin da masu talla ba sa faɗa. Ba kan caja a kwalin, igiya kawai za ka tarar, sai ka nemi mai wat 45 daban, kuma ka nemi na gaske. Ba wurin sa memori, abin da ka saya shi ke nan. Batirin 5,000mAh ne, daidai da na bara. In kuwa fuskar ta fashe, wallahi kuɗin canjin ta asali zai sayi sabuwar waya matsakaiciya. A kan bencina na sha ganin mutum ya zo da babbar waya a fashe, in faɗa masa kuɗin, ya mayar da ita aljihu ya ce zai dawo, sai bayan wata uku in gan shi yana latsa ta a haka, da salatif a gefe. Wayar da ta fito makon jiya kuma kayan gyaranta ba su wadata a kasuwa ba tukuna. Shago irin naku ga almakashi ga dutsen guga ga yara na kai da kawo, ka sa wannan a lissafi.

Wata mai sayar da atamfa da leshi:

Ni kam ba zan ce maka babbar waya ba ta da amfani ba, ƙanina, don da ita nake cin abinci. S24 Ultra ce a hannuna tun bara. Abin da na fi jin daɗinsa ba girman ba ne ma, gilashinta ba ya ƙyalli sosai. Ina tsaye a Kantin Kwari da rana tsaka ina ganin hoton da aka turo min sarai, ba sai na nemi inuwa ko na kare da mayafi ba. Launi kuma yana fitowa kusa da na zahiri, wanda ga mai harkar yadi ba ƙaramin abu ba ne. Sau nawa aka dawo min da kaya a da, ana cewa ruwan toka aka gani a hoto sai ga shuɗi-shuɗi ya zo.

Amma kada kyamarar nan mai megafiksel 200 ta ruɗe ka. Da ka ɗora hoto a status, WhatsApp zai matse shi, mai kallo kuma da tasa wayar zai gani, ba da taka ba. Hasken taga da safe da farin ƙyalle a baya sun fi gyara min hoto. Sannan tana da nauyi, tawa giram 232 ce, ta bana 218, kafin ka sa mata riga. Da hannu biyu ake rubutu da ita. Ni jaka nake sa ta, kai ina za ka sa?

Wani dattijon tela:

Tambayar Hajiya ita ce tawa. Yaro, tsawon wayar nan ya haura santimita 16. Kai ka san zurfin aljihun gaba da muke yi wa kaftani. Kanta zai leƙo waje, ka sunkuya ɗaukar tsinken allura ko ka zo alwala ta zube. In ka sa ta a aljihun gefe ka shiga adaidaita, kai ma ka san halin da ake ciki da masu ƙwacen waya a garin nan. Allah ya tsare mu. Shekarata talatin da wani abu a kan keke, ban taɓa ganin telan da ya yi nadamar ƙara keke kafin azumi ba.

Wani ɗalibi:

Yaya, game da alƙalamin: na bana an cire masa Bluetooth, don haka ba a ɗaukar hoto da shi daga nesa kamar na S24 Ultra. Rubutu da zane dai yana yi lafiya lau. In zane ne ainihin buƙatarka, duba Galaxy Tab S9 FE, babbar waya irin allo. Inci 10.9 ce, da alƙalaminta a kwali, kuma ba ta kai rabin kuɗin ba. Ka ajiye ta a shago, mai ɗinki ya zauna ku duba tare.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na sa tef a aljihun rigar da ke jikina, gaskiyarka, ba za ta shige duka ba. Maganar allon nan na ɗalibi ta shige ni, ban taɓa kawo ta a raina ba. Gobe in sha Allahu zan biya kuɗin keke. Waya kuma ba zan iya kai wa Sallah da wannan ba, don jiya ma ta mutu ana tsakiyar turo min awo. Zan shiga kasuwa ranar Asabar in riƙe su a hannuna in gani. In na samu S24 Ultra ta hannu mai kyau bayan Sallah fa, Malam mai gyara, me zan duba?

Mai gyaran waya a Farm Centre:

Ka yi dabara. Kafin Sallah ɗauki matsakaiciya mai inci 6.7, za ka iya sayar da ita daga baya ko ka bar wa yaran shago. In lokacin ya zo, ka danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta yi daidai da ta kwali ko rasit. Ka sa layinka a ciki ka yi kira a wurin, don wasu wayoyin Amurka a kulle suke zuwa, kuma ramin layi ɗaya gare su. Ka tabbata mai ita ya cire asusunsa na Google da na Samsung a gabanka. Buɗe farin shafi ka ƙure haske ka duba ko akwai layi ko tabo, sannan ka zaro alƙalamin ka ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa ka ga bai yanke ba. Ita ma an yi mata alƙawarin sabuntawa har 2031. Kada ka biya sai an rubuta maka rasit da lambar IMEI a jiki, kuma ka je da wanda ya san waya.