Yaya ake auna talauci unguwa-unguwa a cikin garin Kaduna?

Ɗan Kawo:

Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta matasa tana son gano yadda ƙuncin rayuwa ya bambanta tsakanin unguwannin cikin gari, kamar Rigasa, Tudun Wada, Badarawa, Kakuri, Unguwar Mu'azu da Sabon Tasha, don duk abin da aka samu na taimako ya tafi inda ya dace. Alƙaluman da muke gani duk na jiha ne baki ɗaya. Shin akwai hanyar da ƙaramar ƙungiya za ta bi ta samu sakamakon da za a yarda da shi? Gida nawa za a shiga a kowace unguwa, kuma me za a tambaya? Wasu daga cikinmu sun ce a tambayi kowane magidanci abin da yake samu a wata, shi ke nan.

Malam Mai Ƙididdiga:

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da abin da ke hannu. Binciken yanayin rayuwa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 zuwa 2019 ya ja layin talauci a kan naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, wato kusan naira 376 a rana, ya kuma nuna kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya suna ƙasa da layin. A 2022 hukumar ta fitar da ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa, wanda ya duba lafiya, ilimi, muhalli, da aiki haɗe da fargabar tsaro, ya ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari, suna ciki. Na farkon ya tsaya a matakin jiha, na biyun ya sauko zuwa mazaɓar sanata. Mazaɓar Kaduna ta Tsakiya kuwa ta haɗa Malali da ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa a lamba guda. Ba za ka ciro Rigasa daga ciki ba, domin ba a tsara samfurin, wato gidajen da aka zaɓa aka tambaya, don haka ba. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe kuma tun 2006 ce, kafin yawancin hayin-hayin da ke gefen gari su cika. Dole ku tattara naku.

Maganar tambayar abin da ake samu a wata, ku ajiye ta. Mai Keke Napep da ke biyan balas kullum, da lebura mai jiran aiki a bakin titi, da matar da ke soya awara a ƙofar gida, babu wanda ya san jimillar watansa, kuma wanda ya sani ba zai faɗa wa baƙo ba. Abin da ake aunawa shi ne abin da gida ya ci da abin da ya kashe. Abinci a tambayi na kwana bakwai da suka wuce, abu-abu: mudu nawa na masara, shinkafa, wake, gari, man gyaɗa ko manja, kayan miya, nama ko kifi, har da wanda aka ci a waje da wanda aka kawo daga gona ko kyauta, a yi masa kuɗi da farashin kasuwa. Ruwa, gawayi ko gas, wuta, kuɗin mota, kati da sabulu na kwana talatin. Haya, kuɗin makaranta, sutura da asibiti na wata goma sha biyu. Sai a mai da komai na shekara, a raba da yawan mutanen gidan.

Kada ku ɗauki 137,430 ɗin nan ku ɗora a kan kuɗin yau. Tun cire tallafin man fetur a 29 ga Mayu 2023 farashi ya yi gaba, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamba 2024. In kun yi amfani da tsohon layi, kusan kowa zai fito ba talaka ba. A ɗaga layin da ma'aunin farashi na hukumar daga 2019 zuwa watan da kuka yi aikin, ku kuma rubuta a fili yadda kuka ɗaga shi.

Yawan gidaje. Idan kuna son kuskuren da bai wuce maki 10 sama ko ƙasa ba, lissafi yana ba da gida 96 in an zaɓe su ɗai-ɗai a warwatse. Amma a aikace rukuni-rukuni ake ɗauka, maƙwabta kuma halinsu yakan yi kama, don haka a ninka biyu: kusan gida 200 a kowace unguwa. Kuna son kuskuren ya sauko maki 5, sai kusan 770. Unguwa shida a kan 200 gida 1,200 ke nan, kuma shi ne abin da ƙaramar ƙungiya za ta iya.

Yadda za a zaɓa: a buɗe hoton tauraron ɗan'adam, a yanka unguwar gunduwa-gunduwa, kowace da gini kamar 80 zuwa 100, ana bin titi, kwalbati, layin dogo ko rafi a matsayin iyaka. A ba su lamba, a jefa ƙuri'a a ɗauki 20. A kowace gunduwa a zagaya a rubuta dukan gidajen da ke ciki, sannan a ɗauki 10 da tazara iri ɗaya. Wannan zagayen shi mutane ke tsallakewa saboda wahala, kuma a nan aikin ke lalacewa. Mai tambaya da aka sake shi ya zaɓa da kansa gidajen bakin titi zai shiga, masu get da shago a gaba, ya bar na can cikin lungu inda sai an tsallaka kwata.

Hajiya 'Yar Tudun Wada:

Malam ya gama da lissafi, ni zan yi maganar ƙofar gida, don can ne alƙaluma ke karkacewa.

Na farko, mene ne gida? A Tudun Wada ko Unguwar Sanusi za ka shiga ƙofa ɗaya ka tarar da ɗakuna goma sha biyu a jere, kowane da risho ko murhun gawayinsa a bakin ƙofa, banɗaki ɗaya a ƙarshen tsakar gida. Wannan ba gida ɗaya ba ne. Ƙa'idar ita ce masu ci daga tukunya ɗaya. A wajen zagayen rubuta gidaje, tukwane za a ƙirga, ba ƙofofi ba. In ba haka ba mai gidan ne zai fito ya amsa, 'yan hayan da suka fi shi buƙata su ɓace daga lissafi. Gidan mai mata biyu da ake girki kwana-kwana tukunya ɗaya ce. In kowace da nata cefanen daban, biyu ne.

Na biyu, wa ake tambaya? Maigida ya san haya da kuɗin makaranta. Abin da aka dafa jiya da daddare, da ko an ɗora tukunya da rana, uwargida ce ta sani, kuma sau da yawa ita ta cike gibin da kuɗin kitso ko adashinta ba tare da ya sani ba. Saboda haka a fita biyu-biyu, mace da namiji. Namiji ba zai wuce zaure ba a gidaje da yawa. A kudancin gari kuma, Television, Narayi, Sabon Tasha, a haɗa da wanda ya saba da mutanen wurin, a shirya yin tambayar da Hausa ko Turanci.

A fara da gaishe da mai unguwa a yi masa bayani, amma kada shi ko yaransa su nuna gidajen da za a shiga, kada kuma su zauna a wurin hira. Sannan a faɗa tun a bakin ƙofa cewa ba rajistar tallafi ba ce. Da zarar an ga mutum da waya yana rubuta sunaye, labari zai zaga cewa za a raba shinkafa, sai kowa ya zama ba shi da komai. Akwai kuma kishiyar haka, masu rufin asiri, waɗanda za su ce "alhamdu lillahi" ko da ruwa kawai aka sha aka kwanta. Maganin duka biyun shi ne tambayar abin da ya faru, da ranarsa. Kada a ce "kuna fama da yunwa?"

Akwai gajeren ma'auni da Hukumar Abinci ta Duniya (WFP) ke amfani da shi, tambaya biyar, duk a kan kwana bakwai da suka wuce. Kwana nawa aka ci abincin da ba shi ake so ba saboda ya fi araha. Wannan a ninka da 1. Kwana nawa aka ranci abinci ko aka dogara da 'yan'uwa. A ninka da 2. Kwana nawa aka rage yawan abin da ake zubawa, da 1. Kwana nawa manya suka haƙura don yara su ci, da 3. Kwana nawa aka rage yawan cin, daga uku zuwa biyu ko ɗaya, da 1. A ce gida ya amsa 5, 2, 3, 2, 4, jimilla 22 ke nan. Mafi yawan abin da za a samu 56 ne, kuma daga 19 zuwa sama ana ɗaukar gidan yana cikin matsi mai tsanani. Minti biyar ya ishe shi.

Lokaci ma a kula. Kada a yi cikin azumi ko makon Sallah ko Kirsimeti, cin abinci yana sauyawa. Kuma kada a yi Rigasa a watan Agusta, lokacin da hatsi ya yi tsada, a yi Kakuri a Nuwamba bayan kaka, sannan a kwatanta su. Duk unguwannin a gama su cikin mako uku zuwa huɗu.

Baban Kakuri:

Ina tare da Malam da Hajiya, sai dai ɗana, tambayarka ta fi talauci faɗi. Akwai wanda yau yana saman layi, amma tsakaninsa da faɗawa rashin lafiya ɗaya ne. Kakuri da Makera sun san wannan: lokacin da masaƙu ke aiki gidajen ma'aikata ne masu albashi, da aka rufe su a shekarun 2000 ginin bulo da kwanon rufi suna nan, abin sakawa a tukunya ne babu. Duk ma'aunin da ya dogara da bango, daɓe da talabijin zai ce waɗannan gidajen lafiya lau suke. Ma'aunin 2022 ɗin ma bai tambayi haya ba, alhali a cikin gari ita ce ke karya mutum, tunda ta shekara ake biya a dunƙule.

Ga abin da zan ƙara a takardar. Mutum nawa ke kawo kuɗi a gidan, kuma kullum ake biyansu, ko mako, ko wata? Kwana nawa suka samu aiki a makon jiya? Haya saura wata nawa ta ƙare, an biya ta cikakke ko ana bin ragowa, an taɓa ba su takardar tashi? Nawa mai shago ke binsu, kuma ya daina ba su bashi? A wata goma sha biyu an sayar da wani abu don a ci ko a yi magani, kamar keken ɗinki, babur, firji ko akuya? An cire yaro daga makarantar kuɗi, ko an koro shi? In yau aka buƙaci kuɗin da ya kai cefanen wata guda, za a samu cikin mako, kuma daga ina? Sayar da keken ɗinki ya fi sayar da talabijin muni, don abin neman ne ya tafi, saboda haka a rubuta su daban.

A ƙirga mutum nawa ke kwana a ɗaki. Fiye da uku cunkoso ne a ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ruwa kuma kada a tsaya a "kuna da famfo?" A tambayi kwana nawa ya zo a mako, da jarka nawa ake saya wajen 'yan garuwa a rana. Masu zama kusa da Kogin Kaduna, irin su Rafin Guza, Kigo Road da Nasarawa, a tambaye su ambaliyar damina: ta shiga ɗaki, me ta ci, kwana nawa aka yi ba a fita nema ba.

Inda na ɗan saɓa da Malam shi ne tsawon tambayar kashe-kashe. Tana cin fiye da awa guda, kuma bayan minti arba'in uwargida ta gaji, ga girki na jira, sai amsa ta koma "babu, babu" don a gama. In ba ku da masu tambaya da suka samu horo na aƙalla kwana biyar da gwaji a unguwar da ba ta cikin samfurin, gara ku taƙaita a kan ma'aunin Hajiya da waɗannan tambayoyin, ku koma gidajen nan dai bayan wata shida. Komawar ce za ta nuna wanda ya zame.

Ɗan Kawo:

Allah ya saka da alheri, Baba, Hajiya da Malam. In mun gama, za mu iya jera unguwannin daga ta ɗaya zuwa ta shida?

Malam Mai Ƙididdiga:

A'a, sai in tazarar tana da faɗi. Da gida 200, unguwar da ta fito da kashi 42 da wadda ta fito da 48 ba za ka ce ɗaya ta fi ɗaya ba. Ku kasa su uku, masu tsanani, matsakaita da masu sauƙi, kowace lamba da iyakar kuskurenta a gefe. Ku kuma nuna yawan mutane, ba kaso kaɗai ba, domin kashi 30 na Rigasa zai iya fin kashi 60 na ƙaramar unguwa yawan rayuka. Manyan unguwanni ku raba su, tsohon gari daban, sabbin hayi daban. Unguwar Rimi kanta ta haɗa manyan gidaje da lunguna masu cunkoso.

Na karɓi gyaran Baba a kan tsawo. In za ku yi lissafin kashe-kashen duk da haka, ku ɗauki farashi a kasuwar da kowace unguwa ke cefane, ta Kawo, ta Bacci, ta Monday a Kakuri, cikin mako guda, ku auna mudun a sikeli domin girmansa ba ɗaya ba ne. Mai sayen gwangwani-gwangwani a shagon lungu yana biyan fiye da mai sayen buhu, a rubuta da wane ma'auni aka saya. Almajirai, masu kwana a shago da masu gadi ba za su faɗo cikin samfurin gidaje ba, sai an yi musu ƙirga daban ta hannun malaman tsangayu da shugabannin kasuwa. Ku yi amfani da manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox a waya, tana aiki ba intanet, ku sa wani ya sake komawa gida ɗaya cikin kowane goma ya tabbatar an shiga. Sunaye da lambobin waya ku ware su a fayil daban mai makulli, taswirar da za ku wallafa kuma ta tsaya a matakin gunduwa, kada ta nuna gidan kowa.