Kalmar fever da 'yan Caina masu koyon Turanci

Ga taƙaitaccen abin da aka tattauna kan yadda 'yan Caina masu koyon Turanci ke amfani da kalmar fever, wato zazzaɓi. Babbar matsalar dai ita ce a Sinanci fashao, wato yin zazzaɓi, aikatau ce, shi ya sa ɗalibi zai ce "I fever" ko "I am fever", alhali a Turanci fever suna ce ba aikatau ba, dole sai ya ce "I have a fever" ko "I'm running a fever". Wannan aka fi nanatawa kuma gaskiya ya dace, don gaban likita ake buƙatarta, musamman a Amurka inda za ka ji an ce 100.4 hankalinka ya tashi, nan ko ma'aunin Fahrenheit ne, daidai yake da digiri 38 na ma'aunin Celsius da suka saba da shi a Caina.

An kuma ja kunne kan hay fever, ba zazzaɓi ba ne sam, atishawa ce da ƙaiƙayin ido saboda ƙurar furanni. Yellow fever kuwa zazzaɓin shawara ne na gaske, sauro ke kawo shi.

Sai ma'anar zumuɗi, kamar World Cup fever. Sinanci ma na da irinta, fashaoyou, wato mayen wani abu kamar kayan sauti, amma kar a fassara ta kai tsaye a ce "fever friend", ba wanda zai gane, enthusiast ake cewa ko fan.